Wata farar yana ce ke tasowa a kan narkakken gilashina, wa ya san ta?

Ɗan Maƙeri ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni maƙeri ne ɗan maƙeri a cikin birnin Kano, amma shekara uku ke nan da na karkata ga aikin kwalba: duwatsun wuya, 'yan kunne, jefi-jefi awarwaro. Fasassun kwalabe nake saye a hannun 'yan bola jari, in ware su launi-launi, in narka a bakin sandar ƙarfe cikin wani murhu da na gina da jar laka a bayan maƙerar Baba. Da zugazugi na fara, yanzu ina da ɗan injin hura iska, in an kawo wuta.

Bayan damina sai ƙaiƙayi ya kama ni, na ce kwalbar wani nake narkawa kullum, bari in yi nawa gilashin tun daga tushe, tunda na ji an ce mutanen Bida da yashi da kanwa suke yi a da. Na samo yashin rafi mai haske, na wanke shi sau biyar har ruwan ya fito garau, na daka a turmin ƙarfe, na tankaɗe. Kanwa kuwa a Kasuwar Kurmi na saya, ban ma tambayi irinta ba, na dai zaɓi wadda ta fi fari. Gwangwanin madara biyu na yashi, ɗaya da rabi na garin kanwa. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta gina mini 'yar tukunya mai kaurin gaske. Na hura wuta tun bayan asuba, ban saurara ba sai la'asar, buhu ɗaya da rabi na gawayi ya tafi.

Da farko abin ya yi ta kumfa yana tasowa kamar madara za ta zube. Can ya lafa. Da na leƙa, sai na ga abu biyu a tukunya ɗaya. A ƙasa akwai mai kauri kamar maɗi, in ka taɓa ya biyo sanda. A sama kuma wani ruwa-ruwa ne tsararo, yana ƙyalli, in ka ɗan girgiza tukunyar sai ya gudana gefe kamar mai a kan miya. Wallahi murna na yi, na zaci shi ne tataccen gilashin. Na ɗauko sanda, kuma kun san hannun maƙeri, sai da na tsoma ta a kwamin ruwa kafin in kai ta, ban ma san na yi ba. Tana taɓa abin nan sai ji na yi fau! Ya yi tsartuwa ko'ina, ya huda mini riga wuri huɗu, ya bar mini tabo uku a damtse. Allah ya tsare idona. Shekara uku ina taɓa narkakkiyar kwalba da jiƙaƙƙen ƙarfe, ba ta taɓa yi mini haka ba, iyakarta ta yi cuu.

Washegari da tukunyar ta huce, ruwan nan ya zama farin ɓawo mai ɗan ratsin rawaya, kaurinsa kamar farcen babban yatsa, yana ɓamɓaruwa kamar ƙanzo. A ƙarƙashinsa ga gilashi na gaske, kore mai duhu, cike da ƙananan kumfa da fararen ɗigo-ɗigo. Na sake narka wani yanki na yi duwatsu bakwai, na ajiye su a gindin randa don kada yara su gani. Bayan sati biyu na tarar sun yi fari-fari, suna santsi a hannu kamar an shafa musu sabulu.

Baba ya duba ɓawon ya ce kashin maƙera ne, kowane abu da ke narkewa yana da kashinsa. Ban yi masa musu ba, amma kashin da na sani baƙi ne mai nauyi, ka jefa shi a rijiya shekara goma yana nan. Wannan kuwa fari ne, mara nauyi, kuma ko gumin hannu yana cin sa.

To mene ne wannan abu? Daga yashin ya fito ko daga kanwar, ko tukunyar ce ta zubo shi? Me ya sa ya fashe? Sannan tunda na riga na buɗe baki: su ma duwatsun kwalba wani lokaci sukan fito da wani hazo-hazo a fuska, kamar gilashin mota a hunturu, ba ya goguwa. Shi ma ɗan gidansu ne?

Mai Jigida ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙuna. Ni a zangon Kumasi nake, kuma a wajen mutanen Kurobo na koyi aikin, can Odumase. Namu ba irin naku ba ne: daka kwalbar muke yi ta zama gari, mu zuba a 'yan ramukan ƙirar yumɓu, mu soka karan ganyen rogo a tsakiya, shi zai ƙone ya bar kafar zare. Yashi da kanwa ban taɓa haɗawa ba, don haka ba ni da ta cewa a kan ɓawonka.

Hazon nan dai na san shi. Mafi yawa datti ne. Takardar jikin kwalba da gam ɗinta, maiƙon hannu, tokar da iska ke ɗagawa. Ni kwana biyu nake jiƙa kwalabe a ruwan omo, in kankare, in ɗauraye, in shanya a kan buhu mai tsabta ba a ƙasa ba. Kuma kada ka bar zoben marfin nan na alminiyam a wuyan kwalba. Gwada ka gani.

Jikan Fatake ya rubuta:

Malam Ɗan Maƙeri, inda ka ce ba ka tambayi irin kanwar ba, nan na dafa kai. Kakana da jakuna ya yi fataucin kanwa daga Borno zuwa ƙasar Nufe, mu kuma har yau muna da rumfa. Kanwa suna ne kawai, amma 'ya'yanta ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba.

Akwai ungurnu, mai tauri kamar dutse, wadda asalinta daga gabashin tafkin Chadi ake haƙo ta, a tsallako da ita a jirgin ruwa zuwa Baga. Akwai jar kanwa, akwai fara, akwai gari da ake sharowa a bakin tafkunan ƙasar Manga da Muniyo a Nijar in ruwa ya janye, ita ce ake ba dabbobi. A wannan yankin dai ake dafa gishirin manda. Akwai kuma gwangwarasa ta majema, wadda in ka kai ta baki ɗaci za ka ji, ba za ka yi marmarin ta a miyar kuɓewa ba. Duk ƙasa ɗaya ke fitar da su, wani lokaci tafki ɗaya, shi ya sa ba ka samun kanwar da babu gishiri a jikinta. Wadda ta fi fari ba lalle ita ce ta fi ƙarfi ba, sau da yawa gishiri ne ya ba ta hasken. Mata sun fi mu sanin wannan: wata kanwar ɗan ƙiris za a sa wake ya nuna, wata kuwa sai an zuba da yawa, abinci ya yi gishiri wake bai yi laushi ba.

Ni a ganina ɓawonka gishirin kanwar ne ya fito fili. Shawarata ka nemi ungurnu, ka jiƙa ta, ka bar laka ta kwanta, ka tace da ƙyalle, ka dafa ruwan har ya ƙafe. Abin da ya rage shi za ka haɗa da yashi.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Ɗana, kafin komai: kada ka sake kusantar tukunyar nan ba tabarau a idonka, kuma ka ɗauke kwamin ruwa daga kusa da murhun. Na yi shekara 26 a gaban tanderun wani kamfanin kwalabe a kudu, na ga abin da wannan ruwa ke yi wa mutum.

Jikan Fatake ya harbi daidai. Abin da ka gani narkakken gishiri ne, ba gilashi ba. Bari in warware maka.

Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1700, wanda murhunka ba zai kai ba ko ka ƙone dajin Falgore. Aikin kanwa shi ne ta sauko da shi. Amma ba duk abin da ke cikin kanwa ke wannan aiki ba. Mai aikin shi ne sodiyam kabonet: yana cin yashi, ya saki iska, wannan ita ce kumfar da ka gani tana tasowa, sauran kuma ya shige jikin gilashi ya zama ɗan gida. Tare da shi akwai baƙi biyu, gishirin miya da sodiyam salfet, wato gishiri mai farar wuta a cikinsa, ɗan'uwan gwangwarasar da aka ambata. Su waɗannan gilashi ba ya karɓar su sai ɗan kaɗan. Gilasan Rumawa, waɗanda da kanwar Wadi Naturun ta Masar aka yi su, in an auna akan sami kulorin, wato sinadarin gishirin miya, wajen kashi 1 cikin 100, salfet kuwa bai kai rabin haka ba. Iya cikin gilashi ke nan. Abin da ya ƙaru sai ya ware. Gishirin miya yana narkewa a digiri 801, salfet a 884, in sun gauraya ma ƙasa da haka, ga su ba su kai gilashi nauyi ba. Sai su taso su kwanta a sama, yadda ka kwatanta da mai a kan miya.

Ba kai ka fara gamuwa da shi ba. Duk inda aka yi gilashi da kanwa ko da tokar tsirrai an san shi. Jamusawa da Turawan Ingila na da suna ce masa matsarmamar gilashi, Faransawa kuma maiƙon gilashi. A zamanin da, da ludayin ƙarfe ake kwashe shi, kuma ba a zubarwa, akan sayar wa masu narka ƙarafa su zuba a tukunyarsu don ya taimaka wajen narkewa da tattara datti.

Fashewar kuwa ga dalilinta. Gilashi yana da kauri, in ruwa ya taɓa shi sai fuskar wurin ta yi fata nan take, tururi ya fice ta gefe. Shi ya sa masu busa gilashi ke sarrafa shi da jiƙaƙƙen katako, har da jiƙaƙƙiyar jarida a tafin hannu. Narkakken gishiri tsararo ne, sai ya rufe ɗigon ruwan ta kowane gefe, ɗigon ya zama tururi a ƙiftawar ido, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa fiye da sau 1,600. Ina zai bi? Ta rigarka.

Inda zan ɗan saɓa da Jikan Fatake shi ne batun tacewa. Jiƙawa da tacewa na fitar da laka da yashi da tsatsa, gilashinka zai ƙara haske, wannan gaskiya ne. Amma gishiri da salfet suna narkewa a ruwa kamar yadda kabonet ke narkewa, tare za su bi ta ƙyallen, tare za su ƙafe. Mutanen Murano a Italiya sun yi irin wannan tacewa ga tokarsu a ƙarni na 15 don samun gilashi garau, sun samu, amma tacewar ta tafi da wani kaso na farar ƙasar da ke cikin tokar, wasu kayan nasu daga baya suka riƙa yin gumi suna tsattsagewa. Wannan ya kawo mu ga duwatsunka bakwai. Yashi da kanwa kaɗai gilashi ne mai shan ruwa. Kwalbar da kake saye kusan kashi 72 cikin 100 silika ce, wato sinadarin yashi, 14 soda, 10 farar ƙasa, kuma wannan goman ita ke hana ruwa cin ta. Rumawa sun yi sa'a, yashin bakin tekun da suke ɗiba yana da garin ɓawon katantanwar teku da makamantanta a ciki. Naka yashin rafi ne, ka kuma wanke shi sau biyar. Danshin gindin randa ya jawo sodar waje, santsin da ka ji ita ce.

Yanzu ga gwaji, ba sai da ɗakin bincike ba. Ɓamɓaro ɓawon da ya huce, ka jefa a kofin ruwan ɗumi. In ya narke, gishiri ne. In ya bar tsaki mai ƙaras-ƙaras a ƙasa, wannan wata yana ce daban: yashin da bai samu abokin narkewa ba, iska ta ɗago shi ya yi ta yawo a sama, fararen ɗigon cikin gilashinka ma ina zaton shi ne. Maganin wannan niƙa yashi sosai, gauraya sosai, da ƙarin lokaci a wuta.

Hazon kwalba kuma ba ɗan gidansu ba ne ko kaɗan. Gilashin ne da kansa ya fara komawa dutse. In ka daɗe da shi a zafin da ya yi laushi amma bai narke sosai ba, sai ƙananan ƙwayoyi su fara tsirowa a fuskarsa, kuma a kan ƙura ko toka ko maiƙo suke samun wurin kafa ƙafa. Don haka Hajiya Mai Jigida ta yi gaskiya. Ka ƙara da cewa kwalba don inji aka haɗa ta, mai hura ta cikin daƙiƙoƙi, ba don mai juya ta a wuta minti ashirin ba. Ka yi aikinka da zafi da sauri, kada ka yi ta mayar da dutse ɗaya wuta. Batun zoben marfi ma kada ka raina shi. Alminiyam in ya shiga narkakken gilashi yakan ƙwace iskar da ke jikin silika, ya bar wasu ƙananan ƙwallaye masu ruwan toka, kwalba ta fashe a kansu. Mu a kamfani abin da muka fi tsoro a cikin fasassun kwalabe shi ne wannan, da ɓallin tangaran, da gilashin kwanon gashi mai jure zafi, don ba sa narkewa tare da sauran.

Abin yi: ka nemi soda ash wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu, ita ce kabonet ɗin zalla. Ka sa farar ƙasa, in babu ka gasa ɓawon ƙwai ka niƙa. Ka zuba garin kwalba kamar kashi ɗaya cikin uku, yana jawo narkewa. Ka fara gasa haɗin a wuta marar tsanani har ya dunƙule, ya huce, ka farfasa, ka wanke da ruwan zafi, ka shanya ya bushe ƙarau, sannan ka narka. In yanar ta taso, ka kwashe ta da busasshen ludayi da ka ɗumama a bakin wuta. Ɗan garin gawayi a cikin haɗin yana karya salfet ya fita a hayaƙi, amma ɗan kaɗan nake nufi, kuma a fili, don hayaƙin farar wuta ne, yana shaƙe ƙirji.

Ɗan Maƙeri ya rubuta:

Baba Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Sau uku na karanta, na huɗun na karanta wa Baba a maƙera.

Na yi gwajin. Ɓawon ya narke kafin in gama shan shayi, ya bar ɗan tsaki kamar rabin cokali, ke nan duka biyun ina da su. Ruwan na zuba a faranti na sa a rana, da yamma ya bar farin gari mai 'yan allurai. Na san ba ku ce in ɗanɗana ba, amma na ɗan taɓa a harshe na tofar: gishiri ne da farko, sai ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Wanda ya sa masa suna matsarmama ya ɗanɗana shi ma. Baba ya ce to, kashi dai kashi ne, ko da na gishiri ne. Na bar shi a haka.

Na yi narki na biyu ranar Asabar. Na samo soda ash a Sabon Gari, amma ranka ya daɗe ban iya rabuwa da kanwar gaba ɗaya ba, don in babu ita ji nake kamar ba abin da na fito nema nake yi ba. Sai na yi rabi da rabi, da ungurnu wannan karon, na gode Jikan Fatake, mai rumfar har ya tambaye ni wa ya koya mini. Ɓawon ƙwai kuwa mai shayin bakin layinmu ya tara mini na kwana huɗu, yana ta tambaya ko maganin wani abu ne. Yanar ta ragu ƙwarai, 'yar tafki ce kawai a gefe ɗaya kamar kwabo, na ɗauke ta da busasshen ludayi lafiya lau.

Sai dai gilashin ya fito ruwan ƙasa mai duhu, sak kwalbar maltina. In ka ɗaga shi a rana kamar zuma. Yana da kyau, amma ba shi na nema ba. Garin gawayin cokali biyu na sa, na ga kamar ba yawa.

Haifaffen Bida ya rubuta:

Malam, dariya ka ba ni. Kana neman gilashin mutanen Bida, ya zo maka har gida, kana cewa ba shi ka nema ba. Ni Bahaushe ne amma a Bida aka haife ni, mahaifiyata Banufiya ce, unguwar Masaga ta masu aikin gilashi kuwa da ƙafa muke zuwa kallo muna yara. Gilashinsu na asali, wanda suke kira bikini, ba garau ba ne, baƙi ne mai duhu, kuma tsofaffi sun fi daraja awarwaronsa a kan na kwalba. Launuka masu haske da kake gani yanzu, shuɗi da kore da fari, na kwalabe ne, su suka zo daga baya suka kashe wa bikini kasuwa, don wa zai kwana yana hura wuta a kan yashi ga kwalba a bola?

Su Masaga suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta Borno har suka sauka Nufe. Da na ga Baba Injiniya ya ambaci kanwar Masar, Jikan Fatake kuma ya ce kakansa Nufe yake kai kanwar Borno, sai na ce ikon Allah, ga hanyar nan a shimfiɗe. A 2021 ma UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu, ga masu tagulla ga masu gilashi.

In da gaske kake, ka shirya ka je. Amma sana'ar gado ce, ba a tambayar ta a tsaye. Ka je da goronka, ka gaida manya, ka ce kai ɗan maƙera ne, ka zauna ka yi kallo kwana biyu kafin ka buɗe baki.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Cokali biyu a gwangwani uku! Ɗana, mu a kan tan guda na yashi abin da muke sawa bai fi ka ɗauka da hannu biyu ba ko ɗan fiye. Abin da ka yi shi ne ainihin yadda ake yin kwalba mai ruwan ƙasa: ƙarfen da ke cikin yashi, farar wutar da ke cikin salfet, da gawayin da ya hana su iska. Ukun nan in sun haɗu launin zuma suke bayarwa, ba a sa wani rini. Ka koma kan abin da yatsa biyu za su tsinto, ka kuma bar iska ta wadata a murhun, zai dawo kore. Koren kuma na ƙarfen yashinka ne, sai ka sami yashin da ya fi shi fari. Ka ja mayen ƙarfe a cikin busasshen yashin ka ga abin da zai kwaso.

Kanwar da ka ƙi saki kuwa, ban ga laifinka ba. Zan gaya maka abin da zai ba ka mamaki: wannan salfet da ya ƙona ka, mu da kuɗi muke sayen sa mu zuba da gangan, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na haɗin. Shi ke jiƙa ƙwayoyin yashin da ke yawo a sama ya sa su narke, wato yana maganin ɗaya yanar. Sannan in zafi ya kai wajen digiri 1400 zuwa sama sai ya saki iska, manyan kumfa su taso su kwashe ƙanana su fita da su. Murhunka ba zai kai can ba, don haka kumfa sai haƙuri da daɗewa a wuta, amma aikin farko zai yi maka. Ka rage ungurnu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ka gani.

Wata dabara ta masu tukunya: a gina zobe na yumɓu mai jure wuta, a gasa shi, a ɗora a kan narkakken gilashin. Zai yi iyo. Ka share cikin zoben sau ɗaya, daga nan duk abin da ya taso a gefe yana waje, kai kuma kana ɗiba a tsakiya.

Haifaffen Bida, a ƙara da Ile-Ife. An haƙo tukwanen narka gilashi da dubban duwatsu a Igbo Olokun, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma haɗinsu daban ne da na Masar da na ko'ina, mai yawan farar ƙasa da alumina, wato wani sinadari da ke cikin yumɓu, da kayan ƙasarsu suka yi. In kana son a auna maka naka, ɗana, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ana koyar da fasahar gilashi, ba nisa da kai.

Ɗan Maƙeri ya rubuta:

Na ji, Baba, yatsa biyu. Na ja mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a cikin yashin, ya fito da gemu baƙi ƙirin, sau shida ina sharewa.

Mai ruwan zumar ban zubar ba. Na yi duwatsu tara da shi, na mayar da su gindin randar nan dai, yau kwana goma sha ɗaya ba santsi ba fari. Ƙanwata ta riga ta ce nata ne. Hajiya Mai Jigida, na bi naki ma, hazon ya ragu sosai, sai a koren kwalba in na daɗe ina gyaran kafa.

Wata sabuwa kuma: da na fasa tukunyar farko, na ga ta cinye daga ciki, wani kwarmi ya zagaye ta daidai layin da yanar ta kwanta, saura ƙiris ta huje. Ta biyun ma ta fara. Gobe zan koma wurin tsohuwa mai tukwane da ɓallin a hannu, in ji ko tana da wani yumɓun da ya fi wannan, in kuma roƙe ta ta gina mini zoben. Ban san yadda zan yi mata bayanin zoben da ba na hannu ba, ba na murhu ba.

Farin ɓawon kuma Baba ya kwashe shi duka ya zuba a gwangwani. Tun da ya ji an ce masu narka ƙarafa na saye, ya ce zai gwada shi ranar da zai haɗa bakin gatari, a maimakon yashin da ya saba barbaɗawa. Na ce masa ya dai tabbata ƙarfen a bushe yake.